Gambar Falta

A Gidan Mala, wani ɗan ƙauye da ke gaba da Dawakin Tofa in ka kama hanyar Bici, an yi wata mata ana ce mata Ya Falta. Tun kafin yaƙin Basasa ne wannan, lokacin da ayari ke tashi da jakai a tafi Gwanja ɗauko goro. Kakanta Mala shi ya sari wurin. Daga Barno ya zo da kanwa, ƙasa ta yi masa, ya zauna. Barbarci kam ya daɗe da ficewa daga bakin jikokinsa. Abin da ya rage musu sai zanen fuska da sunaye, da wannan "Ya" ɗin da suke sa wa babba.

Falta gajeriya ce, ga wuya kamar turmi saboda ɗaukar kaya, ga baki. Dambu take yi ta kai kasuwa. Ta yi aure sau biyu, ta haihu, ba wanda ya zauna mata. Da mijin na biyu ya rasu sai ta tattaro 'yan komatsanta ta dawo gidan ubanta. Abin da take da shi a duniya ƙaninta ne, Kashim. Uwarsu ta rasu ta bar shi yana rarrafe, Falta ko aure ba ta yi ba. Ita ta goye shi, ita ta yaye shi da kunu, har ɗakin aurenta na fari da shi ta tafi. In ana hira aka ce wane ya iya kaza, sai ta ce, "Ai ba ku ga Kashim ba." Har mata suka mai da abin tsokana. Ko zakara ne ya yi cara mai kyau sai wata ta ce, "Ai ba ku ji Kashim ba."

Kashim ya girma ya zama dogo, mai yawan dariya. Da ubansu ya rasu gona ta dawo hannunsa. Sai wata kaka ya ce zai bi ayari.

Ya ce, "Ya Falta, tafiya ɗaya zan yi. In dawo in yi aure ki huta da daka. Ki dai kula min da gona."

Ta ce, "Wa zai aure ka da waɗannan ƙafafu kamar na zalɓe? Je ka, Allah ya tsare."

Ayari ya dawo ba shi. Madugu ya ce zazzaɓi ne ya kayar da shi a wani zango bayan an haye Kwara, suka bar shi a hannun mai masauki. Da suka biyo ta wurin a dawowa, mai masaukin ma ya tashi. Ba wanda ya ga gawa, ba wanda ya ga kabari. Dangi suka ce a yi sadaka. Falta ta ce ba a gidan nan ba. Wanda ba a ga kabarinsa ba, ba ta daka masa gumba.

To ka san ƙasar nan ba ta da daji. Gona na jikin gona kamar haƙora a baki. Abin da ke raba ta wane da ta wane ita ce gamba, doguwar ciyawar nan da ake yanka a saƙa zana. Kowa na jera ta a iyakarsa, tushe bayan tushe. Ko an yanke ta, ko wuta ta ci, tushen na nan, da ruwa ya sauka ta tofo. Iyakar Kashim ta taso ne daga gindin wata kuka, ta gangara har wani jan suri da ke ƙasa. Can wajen surin ƙasar baƙa ce, tana riƙe laima, nan ne zuciyar gonar. Hayin iyakar kuwa gonar Muntaka ce.

Muntaka ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne mai 'ya'ya tuli da gona kamar tafin hannu. Matarsa Huseina ma ƙawar Falta ce, tare suke surfe. Amma Falta ita kaɗai ce da 'yar fartanyarta, sama-saman gonar kawai take iya nomewa, sauran ya zama saura. Shi kuwa Muntaka duk shekara in ya zo huɗa sai garmarsa ta ɗan lasa. Bana ta tumɓuke tushe, baɗi ta tumɓuke wani. Aka yi damina, aka sake, aka kuma, sai ga shi duk layin gambar nan ba abin da ya rage sai tushe guda a gindin kuka, inda saiwar itace ta hana garma shiga.

Bayan an gama girbi Muntaka ya je wurin mai gari ya ce a ba shi gonar, tunda mai ita ya ɓata, ƙasa kuma tana kwance.

Mai garin, Mika'ilu, Bafillace ne, ka kuwa san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun suna yara shi da Falta ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Da ta iso ƙofar gidansa ta durƙusa, ya ce, "A'a, yau baiwata ce da kanta? Ina dambuna?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, dambu ba na masu bin saniya ba ne. Ka sha nononka."

Aka yi dariya. Sai ya gyara zama ya ce, "Falta, Muntaka ya ce gonar nan ba mai ita."

"Da mai ita. Ya yi tafiya ne."

"Tafiyar ta yi tsawo."

"Gwanja ce, ranka ya daɗe, ba Rimin Gado ba."

"To ina iyakarta? Na je na duba, ban ga gamba ba."

"Tambayi garmar Muntaka, ita ta cinye."

Muntaka ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya Falta, ki ji tsoron Allah. Yarana sun haura goma, tuwon dare ma sai an auna. Ƙasa tana kwance tana haifar ƙarangiya."

Mai gari ya dubi Muntaka, ya dubi Falta. Shi ma abin ya dame shi, don duk biyun suna da gaskiya. Can sai ya ce, yana ɗan murmushi, "To ga hukunci. Ranar da aka yi ruwan shuka zan zo da ƙafata. Duk inda na ga gamba ɗanya a tsaye, daga kuka zuwa suri, wannan na Kashim ne. Inda ban gani ba, na Muntaka. Babarbariya, in kin isa ki sa ciyawa ta tsiro da rani."

Mutane suka kwashe da dariya. Shi a ransa ya ba Muntaka gonar ke nan ba tare da ya kunyata abokiyar wasansa ba. Falta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A shaida."

Aka ce an shaida.

Yanzu kowa ya san yadda ake dasa gamba. Tushe ake tsagawa da damina a kafa. Amma a garin akwai al'ada: gamba ta mai tushe ce. In ka ɗebo saiwa a gonar wani ka dasa, to shi ke yanka, kuma in rigima ta tashi layin nasa ne. Shi ya sa da Muntaka ya ce mata, "Ya Falta, in saiwa kike so zo ki ɗiba a wajena," sai ta ce, "Na gode, Allah ya bar zumunci," ta wuce. Tushen gindin kuka kuwa ba ta isa ta taɓa shi ba. Shi kaɗai ne shaidar da ta rage, in ta tsaga shi da rani ya mutu, ta kashe shaidarta da hannunta.

Sai ta tafi gindin kukar da ƙwarya. Tushen ya yi kai ya bushe. Ta riƙa zage 'ya'yan tana tarawa, wasu 'yan abubuwa masu gashi-gashi, ba nauyi, ko numfashi ka yi da ƙarfi sai su tashi. Ta cika ƙwarya ta rufe da faifai ta kai ɗakin Kashim ta ajiye. Ba a taɓa jin wanda ya shuka gamba da iri a garin ba, balle ya ba ta ruwa.

Da sanyi ya wuce ta fara. Ta ja layi da fartanya daga kuka har suri, ta binne iri kamar yadda ake binne dawa, ta take da ƙafa. Ta ɗauko tulu ta riƙa kwarara ruwa kamar mai ban ruwan lalle. Ruwan ya tone ƙasa, irin da ke sama ya taso yana yawo ya bi gefe, na ƙasa kuma ya yi zurfi. Ta yi ta jido ruwa safe da yamma har wata ya kusa ƙarewa. Ko tsinke bai fito ba. Sulusin irin ya tafi a banza.

A bakin rijiya mata suka samu abin yi.

"Ya Falta, yaya jego? Jaririn ya fara haƙori?"

"Ku bar ta, ƙasa take wa wanka."

Huseina ta ce, "Ni dai in kin gama da gona ki zo ki shayar min da turmi, ko ya yi ganye."

Falta ta ce, "Kawo mijinki in fara shayar da shi, ko kunya ta tsiro masa."

Ta faɗa ne da baki, amma da ta koma gida ta zauna ta rasa abin da ke mata daɗi. Ta koma gindin kuka ta tsuguna tana kallon tushen nan. Sai ta tuna da damina takan ga 'yan ƙananan gamba sun fito a gefensa. Wa ya binne su? Ba kowa. A sama suke faɗuwa, yayyafi ya manna su da ƙasa. Ashe ita ce ta yi musu kabari.

Saura yayyafin. Ina za ta samo yayyafi da rani? Ta gwada tsoma tsintsiya tana yarfawa, hannu ya gaji ba ta jiƙa ko taku biyu ba. Sai wata safiya tana wanke madambacinta, tukunyar nan mai huji-huji a gindi da take turara dambu, ta zuba ruwa ta ɗaga. Ruwa ya riƙa zubowa siri-siri ta hujojin, yana sauka a ƙasa ba ya tone ta. Ta tsaya tana kallo har ya ƙare. Ta sake cikawa ta sake ɗagawa. Ranar ba a ci dambu a kasuwa ba.

Ta sake gyara layin, ta farfasa ƙasar ta yi laushi, ta cuɗa iri da yashi don kar iska ta kwashe, ta barbaɗa a sama, ta bi da tafin hannu tana dannawa. Sannan ta riƙe madambaci a kan layin, tana ɗiba daga tulu da moɗa tana zubawa, tana tafiya a sunkuye. Amma rana ta bazara ba ta da mutunci. Kafin hantsi ya ɗaga saman ƙasar ya bushe ƙayau, irin da ya fara kumbura kuwa in ya bushe sau ɗaya shi ke nan. Dole a rufe. Ƙaiƙayi zai jawo kaji. Ta duba gidan ba ta ga komai ba sai tsofaffin zanaki da suka kewaye ɗakin Kashim, waɗanda ya saƙa da hannunsa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, ta tsattsaga, ta kai gona ta shimfiɗa a kan layin. Ɗakin ya tsaya tsirara, duk mai wucewa yana ganin ƙofarsa.

Haka ta riƙa yi. Da sassafe ta ba layin ruwa, da rana ta take ta leƙa ta ɗan yayyafa, da la'asar ta sake. Ba ta cika ruwa ya kwanta, ba ta bari ya bushe. In ta sa yatsa ta ji sanyi-sanyi sai ta ce alhamdu lillahi.

Mako ya wuce, ba komai. Na biyu ya kama. Wata safiya ta ɗaga bakin zana don ta zuba ruwa, sai ta ga wani abu kore-kore. Ta ɗauka idonta ne. Ta durƙusa ta kai fuska har ƙasa. Kai! Ga su nan, siri-siri, tsaye cir kamar allurai, kamar gashin kan jariri ranar suna! Ta ɗaga na gaba, ga su. Ta ɗaga na gaba, ga su! Ta bi layin da rarrafe har suri, ko'ina sun huda ƙasa. Ba ta san lokacin da ta miƙe ta kama hanci ta rangaɗa guɗa ba. Guɗa a gona, da rani tsaka! Ta sake rangaɗa wata.

Mata suka fito da gudu, wata da muciya a hannu. Huseina ce a gaba, zani na faɗuwa, tana haki tana cewa, "Ya dawo? Kashim ya dawo? Ina yake?"

Falta ta nuna ƙasa. Ta ce, "Ta fito."

Suka dubi ƙasa, suka dubi Falta. Ba wadda ta yi dariya. Huseina ta tsuguna ta shafa tsiron da bayan yatsa, ta ce, "Ikon Allah. Wallahi ta fito." Sai ta juya ta share ido da bakin zani.

Daɗin bai daɗe ba. Bazara ta yi tsanani, rijiyar gari ta ja baya. Sai a zura guga a jira, a jawo rabi da laka. Maza suka ce kowane gida ya ɗebi na sha da na girki kawai. Ranar da Falta ta dawo ɗiba na uku wata tsohuwa ta riƙe igiyar ta ce, "Falta, yara na kukan ƙishirwa ke kina shayar da ciyawa? Ki ji tsoron Allah mana." Falta ta janye gugarta, don maganar gaskiya ce. Ta ɗauki tulunta ba komai ta koma.

Da yamma sai ga Huseina da ƙwarya cike da ƙasari, ruwan nan fari-fari da ake wanke surfe da shi. Ta ce, "Ungo. Ruwa dai ruwa ne. Wannan ma ya fi na rijiya, da abinci a cikinsa. Kar ki gaya wa mai gidan."

Kafin a jima magana ta zaga. Matan da suka yi mata dariya su ne suka riƙa aiko da ƙasarinsu, har da tsohuwar da ta riƙe igiya. Falta ta yi ta godiya tana sa albarka. Ta tace da tsumma don kar dusa ta toshe hujin madambaci, ta shayar da layin tun daga tsakiya har suri. Na sama kusa da kuka shi take ba ɗan ruwan rijiyar da ta rage daga na shanta. Lokacin ta riga ta janye zanakin, don tsiron ya kai tsawon yatsa yana son rana.

Duk cikinsu ba wadda ta tsaya ta tuna wa ake ba ƙasari kullum. Awaki ake ba. Akuyar garin nan tun tana 'yar ƙarama ta san warinsa, ko daga ina ta jiyo sai ta zo. Da rani kuma ba a ɗaure dabba, sai an yi shuka ake kafa turke. A da ba sa zuwa wajen don ba komai a gonakin sai rana. Yanzu kuwa ƙasari ya kwana biyu a ƙasa ya yi tsami, iska ta kai musu labari.

Falta ta je gida sallar azahar. Da ta dawo ta hango gonar ta yi baƙi da fari da ja. Awakin gari kaf, sun jeru a kan layin kamar an kira su biki, suna lasar ƙasa suna tsinke tsiro har saiwa. Wadda ke gaba, mai farin goshi, tata ce.

Ta yi kansu da ihu da jifa. Suka watse. Daga tsakiya zuwa suri ba abin da ya rage sai sawun kofato da kashi. Ta zauna a kan surin, rana na dukanta, ba ta yi kuka ba. Wa za ta kai ƙara? Akuya ba ta yi laifi ba, rani ne. Matan ba su yi laifi ba, alheri suka yi. Huseina ta zo ta tsaya daga nesa, ta kasa matsowa. Can ta ce, "Ya Falta, ni na jawo miki."

Falta ta ce, "Ke kika kawo, ni na zuba. Je ki gida."

Irin da ya rage bai fi cikin tafi biyu ba. Ta kankare ƙasar da ta sha ƙasari ta watsar, ta sake barbaɗawa, wannan karon tsilla-tsilla don ya kai suri. Ta shiga saran ƙaya, ta jawo ta jera a gefe da gefe har hannuwanta suka zama kamar an yi mata tsaga. Akuyarta kuwa ta ɗaure ta, ita kaɗai ce ɗaurarriya a garin da rani, tana ta kuka.

Ruwa kuma sai rafi. Rafin ya ƙafe, sai an tona yashi a jira ya taru, kuma da nisa, in ka tafi da sassafe sai hantsi ka dawo. Abin da wuyanta zai iya ɗaukowa a yini ba zai ishi layin duka ba. Sabon iri na ƙasa yana son laima kullum. Na sama da ya tsira daga awaki shi ma yana so. Ta tsaya a tsakiya da tulu guda, ta dubi nan ta dubi can.

Sai ta tuna yayen Kashim. Da ta riƙa ba shi kunu duk sanda ya yi kuka, kullum yana maƙale da ita, ba ya ƙiba. Sai wata gwaggonsu ta ce ki bar shi ya ji yunwa, sannan ki cika masa ciki. Ta ce bari ta gwada haka a kan gamba. Ta daina ba na sama ruwa kullum. Sai ta bar shi har ganyen ya fara naɗewa, sannan ta zo ta shayar da shi sosai, ruwa ya nutse can ƙasa. Ranar farko da ta wuce shi da tulu ba ta zuba ba, kauda kai ta yi, kamar yana kallonta. Amma da aka jima ta ja ganye ɗaya don ta gani, sai ta ji ya riƙe ƙasa gam. Saiwar ta bi ruwa ta yi ƙasa. Ya fara 'ya'ya a gindi, ganyen ya yi gashi, ya zama gamba sosai.

Ita kuwa tana ƙarewa. Ba dambu, ba kasuwa, madambaci na gona. Wuyan nan kamar turmi ya zama kamar na tulu. Wani ciwo ya kama ta daga ƙeya zuwa ƙugu, in ta sunkuya sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe. Huseina kan aiko mata da tuwo a rufe. Muntaka ya sani, bai hana ba. Wata rana ma ya same ta a hanyar rafi ta sauke tulu tana haki, ya tsaya ya ce, "Ya Falta, za ki kashe kanki a kan mutumin da..." Bai ƙarasa ba.

Ta ce, "Ƙarasa mana."

Bai ƙarasa ba. Ya ɗora mata tulun a ka, ya wuce.

Na ƙasa ya fito, amma a makare, siri-siri, jefi-jefi. Da zai sami ko wata guda nan gaba da ya kama. Falta da ta saba roƙon ruwa kamar kowa, bana sai ta koma tana kallon gabas tana cewa a ranta, Allah ka ɗan jinkirta. Ba ta gaya wa kowa ba, don in aka ji za a ce ta yi saɓo.

Bai jinkirta ba. Wata la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, aka yi iska, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki murna, yara na tsalle a tsakar gida. Falta ta fita cikin ruwan ta nufi gona. Gonar gangare ce, ruwa ya haɗu ya biyo layin da ta yi ta tausasawa da hannunta, ja wur, yana gudu. Ta tsaya tana gani yana ɗaga 'yan tsiron nan da ƙasarsu yana wucewa da su ta gefen suri. Ta sa ƙafa ta tare, ta sa zani ta tare. Ina!

Da gari ya waye kowa ya fito da sungumi. Mai gari ya cika alkawari, ya zo da dattawa. Ya fara daga kuka yana tafe yana dubawa. Gamba ta sha ruwan sama ta miƙe kore shar, ta kai gwiwa. Ya ce, "La ilaha illallahu. Babarbariya, ashe ke mayya ce."

Ta ce, "Ci gaba da tafiya, ranka ya daɗe."

Ya ci gaba. Da ya kai tsakiya sai gamba ta tsaya. Daga nan har suri sai kwari da ruwa ya tona, da ƙaya a warwatse. Ya tsaya a kan tushe na ƙarshe.

Falta ta ce, "Ta fito har suri. Kowa ya gani. Huseina, ba ki gani ba?"

Huseina tana bayan mijinta, ta ce a hankali, "Na gani."

Mai gari ya ce, "Ni ma an gaya min. Amma abin da na ce, inda na ga gamba a tsaye ranar shuka. Ke kika ce a shaida."

"Can ne zuciyar gonar. In ya dawo me zan ce masa?"

Wannan karon Mika'ilu bai yi wasa ba. Ya kafa sandarsa a gindin tushen ƙarshe, ya ja layi ya ratsa gonar. Ya ce, "Daga nan zuwa kuka na Kashim ne, ba mai taɓawa muddin ina raye. Daga nan zuwa suri, Muntaka." Muntaka bai ce an gode ba. Sai da kowa ya watse sannan ya fara saran shuka, yana juya mata baya.

Ta zauna da rabin. Ta noma abin da ta iya, a sunkuye, don bayanta bai sake miƙewa ba. Ta koma dambunta. Da kaka gambar ta fi ta tsawo, ta yanka ta saƙa zana da kanta, karkatacce, ta mayar wa ɗakin Kashim suturarsa. Duk shekara haka take yi, ta cire tsoho ta sa sabo. In an ce ayari ya sauka a Bici sai ta ɗauki sanda ta tafi ta tambaya, ko an ga wani dogo mai zanen Barebari, mai yawan dariya. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a Salaga, wani ya ce a'a. Ta dawo ta ce wa Huseina, "An gan shi."

Da ajalinta ya zo, da rani ne. Huseina ce ta yi mata wanka. Aka rasa abin da za a kare wurin da shi, sai aka kwanto zanakin ɗakin Kashim aka kewaye. Bayan an yi sadakar bakwai mai gari ya kira babban ɗan Muntaka ya ce ya noma rabin da ya rage, amma aro ne, in mai gona ya dawo a tashi a ba shi. Ya ce gambar kuma kar garma ta kusance ta.

Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai riƙa yankanta?"

Mai gari ya dubi ɗakin da ke tsaye ba zana. Ya ce, "Ka yanka ka saƙa, ka mayar inda aka ciro."